Yaran da sunka ɗaga muna MySQL daga 5.7 zuwa 8.4: sun iya aiki, amma a ɗaure su da takarda

In kana da makaranta ko kyamis ko ƙaramin asibiti ko shagon sari a cikin garin Sakkwato, kuma akwai wata kwamfuta a lungun ofis wadda kowa ke tsoron kashewa don duk bayanan gidan na cikinta, to wanga bayani naka ne. Akwai wasu yara masu ɗan ofishin harkar kwamfuta nan cikin gari da munka ba aikin ɗaga rumbun bayanan makarantarmu, wato MySQL, manhajar da ke ajiye bayanan, daga zubin 5.7 zuwa sabon zubi, kuma tun da anka gama abokan aiki na wasu makarantu ke tambayata wai ya aikin nasu yake, sun ci kuɗɗinsu ko kuwa irin masu zuwa da jakar goyo ne su yi danne-danne su karɓi kuɗɗi su kashe waya. A gajarce sun iya, kuma inda sunka fi iyawa shi ne shirin da ake yi kafin a taɓa komai, wanda shi ne mafi yawan masu wagga sana'a ke tsallakewa. Amma suna da nasu halin, shi ya sa ba zan kira sunansu ba tunda akwai inda zan taɓa su.

Ni malamin kwamfuta ne a makarantar, to ka san yadda abin yake, duk wani abu mai waya a jiki naka ne, daga firinta har fankar ofishin shugaban makaranta. Sabar tamu, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da anka ɗora ma Ubuntu 18.04, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ke nan, a kanta akwai manhajar da wani tsohon malaminmu ya rubuta da PHP, wani harshen rubuta manhaja, kafin ya samu aiki ya bar gari, ita ke riƙe da rajistar ɗalibai da makin jarabawa da katin sakamako da lissafin kuɗɗin makaranta, na boko da na islamiyya duka. Kuma tana aiki lafiya lau, wanda shi ne ma ya sa shawo kan Alhaji mai makaranta ya yi wuya, don tambayarshi ɗaya ce kullum, ta lalace ne? A'a ranka shi daɗe. To mi za a gyara? Maganar ita ce MySQL 5.7 tun 2015 ya fito, kuma Oracle mai shi ta daina yi mishi gyaran tsaro tun Oktoban 2023, shi ma Ubuntu 18.04 tallafinshi na kyauta ya ƙare a 2023, PHP 7.2 da ke kai kuwa tun Nuwamban 2020 anka sallame shi. Duk ukun masu su sun cire hannu. Da a cikin ofis kaɗai take da sai a lallaɓa, amma Alhaji da kanshi ne ke son iyaye su dinga duba sakamakon 'ya'yansu ta waya, ke nan za a buɗe ma sabar ƙofa zuwa intanet, a nan ne maganar ta shiga kunnenshi.

Su uku ne yaran, babbansu shi kowa ke ce ma Injiniya, sai wani mai rubuta manhaja da ba ya magana sai an tambaye shi, sai ƙaraminsu mai ɗaukar kaya da haɗa wayoyi. Zuwansu na farko ba su sabunta komai ba, har Malam Basa mai riƙon kuɗɗin makaranta ya ja ni gefe yana cewa yaran nan aiki sunka zo ko hira. Abin da sunka yi shi ne tambayoyi. Wa da wa ke shiga manhajar, daga waɗanne kwamfutoci, ƙarfe nawa batir ke mutuwa da dare, akwai wani abu daban da ke jawo bayani daga rumbun ban da manhajar (akwai, wani fayil ɗin Excel na Malam Basa da kowa ya manta da shi), wane lokaci ne a shekara za a iya rufe komai ba wanda zai yi ihu. Ƙaramin nasu ya kwance murfin kwamfutar a bakin baranda ya hura ta, ƙurar da ta tashi sai da malaman da ke zaune sunka matsa, ja-ja-wur irin ta hunturun shekaru, ta yi dam a kan fankar furosesa har fikafikan ba su ganuwa. Injiniya yac ce Malam wagga injin ba za mu yi aiki a kanta ba, a sayi wata, wagga a bar ta yadda take ko waya ɗaya kar a cire, ita ce hanyar komawarmu in abu ya ƙi.

Da farko na ɗauka dabarar sayar muna da kwamfuta ce, sai yac ce mu sayo da kanmu duk inda muke so, shi dai ga abin da yake buƙata a ciki, diski irin SSD da RAM mai ɗan yawa. Dalilinshi kuwa gaskiya ne, na duba da kaina. Da zarar an ɗaga fayilolin 5.7 sun koma 8.0 ba su komawa baya, don daga 8.0 MySQL ya canza yadda yake ajiye bayanin teburori, wato jadawalan da bayanai ke jere a ciki, gaba ɗaya, waɗannan ƙananan fayilolin .frm da kowane tebur ke da shi a da babu su, an haɗe komai wuri ɗaya. In ka ɗaga a kan injin guda kuma abu ya watse da tsakar dare, ba maɓallin komawa, sai dai ka goge ka sake ɗora 5.7 ka dawo da kwafin ajiya, in kana da shi, in kuma yana aiki.

Shi ne ya kawo mu maganar kwafin ajiya, wanda a wajena nan ne sunka ci rabin kuɗɗinsu. Wanda ya rubuta manhajar ya bar tsarin da ke ɗaukar kwafi da kanshi kullum ƙarfe 12 na dare, kowa hankalinshi kwance akwai bakof. Injiniya ya buɗe jakar yana nuna min kwanan wata, sai ga giɓi ko'ina, ashe lokacin da anka sa ma abin shi ne daidai lokacin da batirin inbata ke ƙarewa in ba a kawo wuta ba, kwamfutar na kashe, wa zai ɗauki kwafi. Wasu fayilolin kuma an fara su wuta ta yanke a tsakiya, ga suna ga kwanan wata amma rabi ne. Kuma duka suna kan diski ɗaya da asalin bayanan, ke nan ran da diskin ya mutu sun tafi tare. Yac ce Malam kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba awa rumbun hatsin da ba a leƙawa ne, sai ran da yunwa ta zo ka buɗe ka tarar gara ta riga ka. Sunka ɗauki sabo da mysqldump, kayan aikin ɗaukar kwafi na MySQL, a gabana, da rana, an hana kowa shiga manhajar, sunka haɗa da routines da events, wato 'yan umarnin da ke ajiye cikin rumbun da ayyukan da anka sa ma lokaci, don su ba su biyo kwafin da kansu sai an ce su biyo, sannan sunka zuba shi a wata kwamfuta daban sunka buɗe manhajar a kai sunka ce in nemo ɗalibin da na ga dama. Sai da na ga katin sakamakon ya fito tukuna sunka ce yanzu muna da bakof. Kwafi ɗaya a diskin waje a ofishin Alhaji, ɗaya a wajen makaranta.

A nan ne kuma sunka gano wasu teburorin namu tsohon nau'in MyISAM ne ba InnoDB ba. Ni dai na san duk sanda wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da maki sai tebur ɗaya ya dinga cewa ya fashe sai an gyara, ashe halin MyISAM ke nan, ba ya jure yankewar wuta, shi kuwa InnoDB yana da littafin da yake rubuta abin da yake shirin yi, in wuta ta dawo ya duba ya ƙarasa ko ya soke. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama wannan kaɗai ya isa dalilin yin aikin. Duk sunka mayar da su InnoDB.

Game da wane zubi za a koma, ni 8.0 na sani don shi na fi ji, su ne sunka ce a wuce 8.4. Shi 8.0 tun Afrilun 2018 ya fito kuma wa'adin da Oracle ta sa mishi Afrilun 2026 ne, ke nan ka yi wahala ka sauka a kan abin da kwanansa ya ƙare. Shi kuwa 8.4 a Afrilun 2024 ya fito, kuma irin wanda suke ce ma LTS ne mai dogon tallafi, shekara 5 cikakke da ƙarin 3. Sai dai ba a tsallakawa daga 5.7 kai tsaye, ƙa'idar masu shi sai an bi ta 8.0 tukuna sannan 8.4, hawa biyu ke nan. Na tambaye shi ai na ji wasu na zuba kwafin kai tsaye kuma ya zauna, yac ce eh ana yi ana dacewa, amma shi bayanan kuɗɗin mutane ba ya yin sa'a-sa'a da su. Na so wagga amsa.

Sai gwaji. Akwai wani kayan aiki cikin MySQL Shell da ke duba tsohuwar saba ya lissafo maka abubuwan da za su ba ka matsala a sabuwa, checkForServerUpgrade sunanshi, kyauta ne, kowa na iya gudanar da shi, kuma ba ya canza komai, dubawa kawai yake. Sunka gudanar da shi sunka buga min sakamakon a takarda munka zauna muna bi layi-layi. Na farko da ya fito ya ba ni dariya. A teburin sakamako gurbin da ke riƙe matsayin ɗalibi a aji, na ɗaya na biyu na uku, sunan da anka sa mishi rank ne, to daga 8.0 MySQL ya karɓe wagga kalma ta zama tashi don ya kawo sabbin dabarun lissafi masu amfani da ita, haka ma groups, wanda shi ma muna da tebur mai wanga suna na rukunin gidajen wasanni. Ma'ana da an ɗaga da ka, manhajar za ta buɗe lafiya, a shigar da maki lafiya, sai ranar buga katin sakamako, ranar da iyaye ke cike da harabar makaranta, ranar ne za ta ce ba ta gane ba. Gyaran ba wuya, ko a canza sunan ko a sa shi cikin wata 'yar alama duk inda ya fito, amma sai ka san da shi tukuna.

Wanda kayan aikin bai kama ba mai shirun nan ne ya kama shi da ido. Ya buɗe jerin ɗaliban aji a injin gwaji ya ajiye kusa da na tsohuwar, sai ga sunaye a hargitse, ba wanda ya ɓace amma ba su bi haruffa ba. Ashe 5.7 in ka ce ya tattara bayanai rukuni-rukuni da GROUP BY yakan jera maka su a kan hanya ba ka roƙa ba, 8.0 ya daina wannan alherin, sai ka rubuta ORDER BY da kanka. Ƙaramin abu ne, amma malamin aji da ya saba shigar da maki yana bin jerin rajistarshi daga sama zuwa ƙasa ba ya duba suna, kai ka san abin da zai faru.

Inda anka fi daɗewa shi ne haruffanmu. Teburorinmu duk a tsarin haruffa na latin1 anka gina su, wanda shi ne MySQL ke zaɓa da kanshi a 5.7, kuma latin1 na harsunan yammacin Turai ne, babu ƙ babu ɗ babu ɓ a cikinshi, babu alamar naira, balle Larabcin da malaman islamiyya ke rubuta sunayen darussa da shi. To amma shekara da shekaru muna rubuta su suna fitowa daidai, ta yaya? Bayanin da sunka yi min shi ne manhajar na tura harafin a matsayin 'yan lambobi biyu ko uku, rumbun na karɓa yana ɗauka haruffa biyu ko uku ne na Turawa ya ajiye, in an zo karɓa ya mayar yadda anka ba shi, burauza ta sake haɗa su, kuskure biyu sun haɗu sun ba da daidai. Shi kuwa 8.0 zuwa sama utf8mb4 ne tsarinshi na asali, mai ɗaukar kowane harafi. Ranar da sunka yi juyin farko daga latin1 zuwa utf8mb4 a injin gwaji sunka kira ni in gani, adireshin wata ɗaliba da ke Ƙofar Marke ya koma Æ˜ofar Marke, duk wani Ɗan ya koma ÆŠan, alamar naira a rasit ta zama â‚¦, Larabcin kuwa ba a magana, wasu tarkace ne kawai. Wallahi sai da gabana ya faɗi duk da na san kwafi ne.

Da gangan sunka nuna min, don in ga abin da ke faruwa in an yi juyin kai tsaye. Hanyar da ta yi aiki ita ce a fara mayar da gurbin ya zama lambobi zalla ba tare da an fassara su ba, sannan a ce ma rumbun ka karanta waɗannan a matsayin utf8mb4. Amma ba duka layuka ne sunka shiga ta hanya ɗaya ba, wasu ta manhaja anka shigar, wasu an loda su daga Excel, wasu tun asali alamar tambaya ce ta zauna a wurin harafin kuma wannan ba mai dawo da shi sai mutum ya duba fayil ɗin ɗalibi ya gyara da hannu. Sunka fitar min da jerin irin waɗannan, ni da magatakardar ofis munka bi su. Ban ga laifinsu a nan ba, ba su da hanyar sanin ko Bala ne ko Ɓala.

Cikin wanga juyi ne kuma teburin ɗalibai ya ƙi motsi saboda ranar haihuwa. Duk wanda ya taɓa yin rajistar yara a nan ya san uba zai zo ka tambaye shi ranar haihuwa ya ce maka da damina ne shekarar kaza, to magatakarda sai ta bar wurin, manhajar kuma ta cike da 0000-00-00. Sabar da ke kan tsauraran ƙa'idoji ba ta karɓar wannan a matsayin kwanan wata. Suna iya sassauta ƙa'idar su wuce, abin da anka yi a tsohuwar ke nan, amma sunka ce gara a mayar da su fanko na gaskiya, NULL, a gyara manhajar ta san da haka. Ni ma na ga ya fi, don yanzu ina iya fitar da jerin waɗanda ba mu da ranar haihuwarsu kafin lokacin rajistar jarabawar fita ya matso.

To yanzu inda munka yi tsiya da su. Farashin da sunka ba mu tun farko da baki ne da saƙon WhatsApp, aikin ɗaga rumbun bayanai, rabi kafin a fara rabi in an gama. Sai da anka yi nisa sannan maganar PHP ta taso. Daga 8.0 MySQL ya canza hanyar tantance kalmar sirri zuwa caching_sha2_password, tsohuwar hanyar mysql_native_password kuma a 8.4 a kashe take zuwa sai ka kunna da kanka, a 9.0 ma an cire ta ɗungurungum, kuma PHP sai daga 7.4 yake tafiya da sabuwar hanyar ba gardama. Zaɓi biyu ke nan, ko a kunna tsohuwar hanya a lallaɓa da tsohon PHP, ko a ɗaga PHP ɗin, sabon Ubuntu 24.04 da sunka ɗora da 8.3 yake zuwa. Shawararsu a ɗaga, kuma shawara ce mai kyau tunda intanet za a buɗe ma abin. Amma ɗaga PHP daga 7.2 zuwa 8.3 na nufin sai an bi manhajar an gyara wurare da dama, shi ne sunka ce wannan ba ya cikin kuɗɗin farko, aikin manhaja daban aikin rumbu daban.

A ƙa'ida suna da gaskiya, aiki biyu ne. Abin da ya ɓata min rai shi ne sun ga PHP 7.2 tun ranar farko, da idona na ga Injiniya ya rubuta a littafinshi, mutumin da ya san rank zai ba da matsala ba zai ce bai san wannan ba. Da an faɗa tun farko da sau ɗaya zan shiga wajen Alhaji da lissafi, amma sai da na koma karo na biyu ina sosa ƙeya, shi kuma yac ce dama na faɗa maka masu kwamfuta haka suke, a fara da kaza a ƙare da kaza. Da na yi ma Injiniya magana bai yi musu ba, yac ce Malam a yi haƙuri, mun so mu ga girman gyaran ne kafin mu yanka farashi. To ai sai ka ce akwai wani kuɗɗi na tafe ko ba ka san nawa ba. An dai daidaita, sun rage, amma duk mai ba su aiki ya sa su rubuta a takarda mi ke ciki mi ba ya ciki, rumbu, manhaja, PHP, horar da ma'aikata, da tsawon lokacin da za su dinga zuwa kyauta in abu ya taso bayan an gama.

Na biyu lokaci. In sunka ce bayan azahar to ka sa ran la'asar sakaliya, kuma ba za su kira su ce sun makara ba. Su uku ne kuma ba mu kaɗai suke ma aiki ba, na gane, amma kira ɗaya ba ya cin komai. Na uku, da za su tafi da kwafin bayananmu ofishinsu don gwaji a filash kawai za su zuba su sa aljihu, sai da nac ce a'a, sunayen yara ne da lambobin iyayensu da bashin da ake bin kowa, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, in ya fita makaranta za a kama ba su ba. Nan take sunka kulle fayil ɗin da kalmar sirri sunka yi alkawarin gogewa in an gama, kuma sun goge a gabana. Sun san yadda ake yi sarai, sai dai ba su yi ba sai da anka ce.

Ranar sauyin kanta ba wani labari, kuma haka ake so. Dogon hutu munka zaɓa, bayan an raba sakamakon zango na uku kafin a fara ɗaukar sabbin ɗalibai, damina ta sauka gari ya yi sanyi, don Injiniya yac ce shi ba ya son irin wanga aiki cikin Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ofishin ba AC. Sai dai damina da nata, hadari na haɗuwa sola ta yi sanyi wuta kuma ta ɗauke, don haka sunka sa sharaɗi a cika janareto da mai, a kuma sa UPS tsakaninshi da sabar, ba su yarda a dogara da wutar gari ba ko na minti ɗaya. Sun zo da takarda mai matakai a jere wadda sunka riga sunka bi a injin gwaji har ta zauna, kowane mataki da wanda zai yi shi da abin da za a gani in ya yi daidai, a ƙasa kuma an rubuta ƙarfe nawa ne in ba a gama ba za a haƙura a kunna tsohuwar. An rufe manhaja, an ɗauki kwafin ƙarshe, an bi ta 8.0 an hau 8.4, an ƙirga layukan kowane tebur a tsohuwa da sabuwa.

Abin da ya fi burge ni ba su ce an gama ba sai da sunka zaunar da Malam Basa. Ya zo da babban littafinshi mai baƙin bango wanda bai taɓa yarda ya daina rubutawa a ciki ba duk da kwamfuta, ya sa tabarau a kan hanci, mai shirun nan na karanto jimillar abin da kowane aji ya biya da abin da ake bin shi daga sabuwar saba, shi kuma yana bi da bayan biro yana cewa na'am, na'am. A aji ɗaya ya tsaya yac ce bai yi ba. Ofis ya yi tsit. Aka duba tsohuwar saba, ita ma abin da sabuwar ta faɗa shi ta faɗa, ashe wani rasit ne da anka yanka da hannu ranar da ba wuta ba a shigar ba. Yac ce to ɗana ci gaba.

Bayan nan abin da zan ce kar kowa ya sa ran abin mamaki wajen sauri. Manhajar ta ɗan fi sauri amma ina ganin SSD ne ba MySQL ba, su ma haka sunka ce, ba su yi min ƙaryar talla ba. Abu ɗaya da ya taso daga baya shi ne diski ya fara cika ba dalili, na kira, sai sunka ce binary log ne, wato fayil ɗin da MySQL ke rubuta duk canjin da anka yi ma bayanai, wanda daga 8.0 a kunne yake zuwa kuma yana ajiye na kwana 30, a 5.7 kuwa a kashe yake sai ka kunna. Ba su kashe shi ba don yana taimakawa wajen dawo da bayanai zuwa wani lokaci takamaimai in an yi ɓarna, rage kwanakin sunka yi, ta waya ma anka gama. Ya kamata a ce yana cikin takardar da za su bar min, to ita takardar bayanin yadda anka saita komai har yanzu alkawari ce, kullum gobe.

Wa ya kamata ya neme su? Wanda bayananshi in sun ɓace zai shiga uku, kuma yana da haƙurin a yi makonni ana gwaji kafin a taɓa na gaske. In ɗan shago ne mai teburori kaɗan kuma akwai mai ɗan sani a gidan, yana iya ɗaukar kwafi ya gwada dawo da shi a wata kwamfuta ya gudanar da checkForServerUpgrade da kanshi, ba sai ya biya wanga kuɗɗi ba. Wanda kuma ke kan XAMPP, wato ƙunshin nan da ke ɗora PHP da rumbun bayanai a tare, ya duba da kyau tukuna, don abin da ke ciki wani rumbu ne mai suna MariaDB ba MySQL ba duk da sunan da ke jikin maɓallin, kuma hanyar ɗaga shi daban ce, lambobin zubinshi ma daban.

Tsohuwar injin na nan a kashe an lulluɓe ta da leda, mun yi da su ba za a goge ta ba sai an buga sakamakon zangon farko a sabuwar an raba ba ƙorafi. Ragowar kuɗɗinsu kuma Alhaji ya riƙe wani abu a ciki, yac ce ran da takardar bayanin ta iso teburinshi ran nan za a tura musu.